Farautar Barewa da Gada a Gefen Dajin Rugu: Abin da Doka Ta Ce, da Lissafin Garke

Duk manomin da ya girma a Wagini, ko Ruma, ko Runka, ya san cewa da an gama kaka an shigar da hatsi rumbu, hankalin samari daji yake komawa. A buga gangar farauta, a kwance karnuka, kowa ya ɗauki gorarsa da kerensa. Shekarun nan na rashin tsaro sun kawo tsaiko ga wannan al'ada, domin ko gonar da ke bakin daji sai da ta gagari mai ita, balle a shiga ciki neman nama. To, tun da aka yi zaman sulhu a 2025 a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, mutane sun fara komawa gonakin da suka bari, kuma maganar farauta ta dawo bakin matasa. Shi ya sa na ga ya dace a tattara wa manoma da ƙungiyoyinsu abin da ya kamata su sani kafin a sake buga ganga: wace dabba ce ta rage, me doka ta ce a kanta, kuma nawa za a iya ɗauka ba tare da an kashe irin ba.

Dabbobin da ake magana a kansu

Mutane kan haɗa su duka su ce barewa, amma maharbi na ainihi ba ya haka. Barewarmu ta ƙasar Hausa ita ce mai jan goshi, mai baƙin zane a gefen ciki, nauyinta daga kilo 20 zuwa 35. Namiji da mace duk suna da ƙaho, sai dai na namijin ya fi kauri da lanƙwasa, na macen siriri ne kuma ya fi miƙewa. Hukumar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Gada ta fi barewa ƙanƙanta, ba ta tafiya garke, ɗaya-ɗaya ake ganinta ko biyu, kuma ita ce ta fi kowa jure zama kusa da mutane. Namijin ne mai ƙaho, gajere tsaye kamar tsinke. Ga wani abu da 'yan farauta da yawa ba su lura da shi ba: a wajen gada, mace ta fi namiji girman jiki. Wanda ya ga biyu sun tashi ya zaɓi babbar, to uwar ya zaɓa.

Sai mazo mai son kurmi da bakin rafi, da batsiya, da ƙwanta-rafi, waɗanda su ma mazan ne kaɗai ke da ƙaho. Manyan kuwa, gwanki da kanki da ɓauna, yanzu sai dai a ji su a bakin tsofaffi da kirarin maharba. Har cikin shekarun 1990 giwaye na kai-komo tsakanin dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi da dazuzzukan wannan ɓangare namu. Yaron da aka haifa bayan nan in ka gaya masa haka sai ya ɗauka tatsuniya ce.

Wata 'yar ƙarin bayani ga masu kallon bidiyon farautar Turawa a waya: dabbar nan mai ƙaho reshe-reshe da suke harbi, wadda masu fassara ke ce wa barewa, ba irin tamu ba ce. Waccan tana zubar da ƙahonta kowace shekara ta fitar da sabo, tamu kuwa ƙaho ɗaya take rayuwa da shi har ta mutu. Babu irin waccan a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Amma yadda suka sarrafa garkenta akwai darasi a ciki, zan zo kansa.

Dokokin da suka hau kan mai farauta

Akwai masu cewa naman daji na Allah ne, ba na kowa ba, don haka babu ruwan hukuma. Na Allah ne, babu musu, amma doka ta daɗe da shiga maganar. Tun 1916 Turawa suka kafa dokar kare namun daji a Najeriya. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji, wadda ta kasa dabbobi hawa-hawa: akwai waɗanda aka hana taɓawa, akwai masu kariya ta musamman, akwai waɗanda ake farautarsu da lasisi. Wannan doka ce jihohin Arewa suka gada. Mu ta biyo mu ta Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, ta zama Kaduna a 1976, har aka yanke Jihar Katsina a 1987. Saboda haka izinin farauta a hannun gwamnatin jiha yake, ta sashen gandun daji, kuma mutumin da ya fi kusa da manomi a wannan magana shi ne malamin daji na ƙaramar hukuma. Wurinsa za a fara zuwa a tambayi matsayin kowace dabba da abin da ake biya a yanzu.

A sama kuma akwai dokar tarayya ta 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi don cika alkawarin da Najeriya ta ɗauka a yarjejeniyar CITES ta 1973. Tana da jerin dabbobin da aka haramta farauta da cinikinsu gaba ɗaya, da jerin waɗanda sai da izini. A farkonta tarar mafi girman laifi naira 1,000 ce, kuɗin da daga baya ko kaza bai saya, sai a 2016 aka gyara ta aka tsananta hukuncin ƙwarai.

Abin da ya fi shafar mutanenmu a cikin dokar 1985 shi ne hanyoyin farautar da ta haramta a kan dabbobin da ta lissafa. Ta hana amfani da guba, ko a abinci ko a makami. Ta hana cinna wa daji wuta don koro nama. Ta hana farautar dare. Ta hana bin dabba da abin hawa mai inji, wanda babur na ciki. Ta hana bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya a jan kunama guda, da duk wata dabara mai kashe dabbobi da yawa a lokaci ɗaya. Ku duba jerin nan da kyau. Fitilar goshi da dare, da kewaye fadama a sa wuta, da korar barewa a kan babur har ta faɗi, waɗannan su ne suka zama farautar zamani a ƙauyukanmu, kuma kowacce doka ta ambace ta. Ƙunar daji ma tana da nata ƙa'idojin daban da hukumar NESREA ta fitar a 2011.

Sai maganar wuri. Rugu ba dajin banza ba ne, gandun gwamnati ne, kuma a shekarun 1960 aka tsara ɓangaren Ruma da Kukar Jangarai a matsayin makiyaya, har da madatsun ruwa na dabbobi. Cikin gandu ba a yin yadda aka ga dama. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da ɗaga dajin Kogo na wajen Faskari zuwa gandun ƙasa, tare da Falgore ta Kano da wasu takwas. Gandun ƙasa irin Kamuku ta Birnin Gwari, farauta a cikinsa haramun ce ɗungurungum, ko kana da wace takarda.

Bindiga kuma dokarta daban. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka, harba-ka-ruga ɗin nan, sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda. Lasisin bindiga ba shi ne izinin farauta ba, izinin farauta ma ba shi ne lasisin bindiga ba, takardu biyu ne. A halin da ake ciki wannan ya wuce maganar tara. Ba mu manta da mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar komawa gida. A yankinmu ma, taron matasa da makamai a bakin daji ba tare da sanin jami'an tsaro da hakimi ba, ana iya ɗaukarsu a wani abu daban, kuma harsashi ba ya tambayar suna. Duk wani umarnin tsaro da gwamnatin jiha ta bayar, irin na 2021 da ya hana ɗauko itace daga daji da manyan motoci ya kuma rufe wasu kasuwannin dabbobi, yana gaba da kowace al'ada.

A ɓangaren addini, wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an halatta farauta don buƙata, an kuma karhanta ta don wasa kawai. Dabbar da aka tarar matacciya a tarko ko wuta ta cinye mushe ce. Wanda ya kafa tarkon waya talatin ba ya zagayawa sai bayan kwana uku, rabin abin da ya kama ba zai ciwu ba, ya yi ɓarna a banza.

Lissafin garke

Nan ne zuciyar maganar, kuma manomi ya fi kowa saurin gane ta, domin lissafin turke ne. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, sau da yawa ta haifi biyu, tana da mai ba ta dusa da mai kai ta wurin malamin dabbobi. Barewa cikinta wajen wata shida ne, ɗa ɗaya take haifa. Gada ma ɗaya ne, mazo ma ɗaya. Gwanki wata tara kamar saniya. Ɗan da aka haifa kuma yana da dila da kare da mikiya da fari da ke jiransa.

Bari mu ɗauki misali, lissafi ne kawai don a gane. A ce a wani yanki akwai barewa 20, mata 12, maza 8. A ce goma daga cikin matan sun haihu a shekara, rabin 'ya'yan suka rayu, an sami biyar ke nan. Manya biyu suka mutu don kansu, mace ɗaya namiji ɗaya. Ribar shekara uku ce. Idan 'yan farauta suka ɗauki uku kuma duk maza ne, baɗi za a wayi gari da mata 13 ko 14, domin cikin 'ya'ya biyar ɗin akwai mata biyu ko uku. Mazan da suka rage sun isa, tunda namiji ɗaya yana bin mata da yawa. Garken ya ba da nama kuma ya ƙaru.

Yanzu a juya. Ukun da aka ɗauka duk mata ne. Daga 12 an cire uku, an cire wadda ta mutu, saura takwas, a ƙara 'yan mata biyu ko uku da ba su kai haihuwa ba tukuna. In biyu cikin waɗanda aka kashe suna da ciki ko suna shayarwa, to biyar aka kashe, ba uku ba. A maimaita haka shekara huɗu, garken ya tafi, alhali a kowace shekara mutane suna cewa ai uku kacal muka kama. Naman da ya shiga tukunya ɗaya ne a lissafin farko da na biyu. Bambancin yana wurin wadda aka zaɓa.

To matsalar ita ce, tarkon waya ba ya zaɓe. Kare ba ya zaɓe, hasali ma mai ciki da ɗan ƙarami ya fi saurin cim ma. Wuta ba ta zaɓe. Fitilar dare idanu biyu kawai take nuna maka suna ƙyalli, ba ka ganin ƙaho balle ka san namiji ne. Maharbin da na baka, wanda zai yi sanɗa da rana ya ga dabba da idonsa kafin ya saki kibiya, shi kaɗai ke iya zaɓe. Don haka ba ƙiyayya ce ta sa doka ta hana waɗancan hanyoyi ba.

A nawa ganin, kuma ina faɗinsa ko da 'yan farauta za su ji haushi, barewa a yankin nan ta wuce matakin a ce a ɗauki maza a bar mata. Idan garke ya ragu ya koma uku a nan, biyar a can, kowane namiji ma ana buƙatarsa. A bar ta gaba ɗaya na wasu shekaru. Gada ita ce ke iya ɗaukar farauta kaɗan, saboda tana balaga da wuri, kafin ta shekara, kuma tana iya rayuwa a saura da gefen gona. Zomo da gafiya da kurege kuwa haihuwarsu ta fi ƙarfin abin da yara ke kamawa, muddin ba wuta ake sa wa ba.

Kada kuma wani ya ce ai shekarun da ba a shiga daji ba nama ya cika. Manomi ne bai shiga ba. Waɗanda suka zauna a ciki suna da bindigogin da suka fi na kowane maharbi, ga shanu da aka tara a wuraren ruwa kaɗan ɗin da ake da su. Sai an ƙirga za a san abin da ya rage.

Lokaci

Kakanninmu ba su yin farautar gayya da damina. Wani zai ce don aikin gona ne da duhun ciyawa, haka ne, amma sakamakon shi ne namun daji suna samun hutu a lokacin da abinci ya yawaita kuma ƙanana ke tasowa. Wannan kariya har yanzu tana nan da sauƙin riƙewa. Inda aka fi yin ɓarna shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. Tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta ƙone, dabba ta rame, duk sun taru inda ɗan ruwa da inuwa suka rage, mata da yawa kuma suna da tsohon ciki. Wanda ya yi kwanto a bakin ruwa a watan Afrilu yana iya share abin da ke cikin yanki guda a mako biyu. Shawarar da nake ba ƙungiyoyi ita ce a taƙaita farauta tsakanin Disamba da Fabrairu, a rufe daga nan har a sake yin kaka, kuma kada a yarda da kwanto a bakin ruwa ko da cikin lokacin buɗewa ne.

Ɗan da aka tsinta a ciyawa

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne in ya girma. Amma a kwanakinsa na farko ba gudu yake ba, kwanciya yake. Uwar takan ɓoye shi cikin ciyawa ko ƙarƙashin sabara ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana shayar da shi. Gada da mazo ma haka suke yi. Na taɓa zuwa duba wata gonar wake na tarar da yaro rungume da ɗan gada, wai ya tsinci maraya. Ba maraya ba ne, uwar tana nan kusa tana jiran mu tashi. Irin waɗannan in aka kai su gida aka ɗura musu madarar gari, yawanci zawo ke kashe su cikin 'yan kwanaki. Wanda ya rayu kuma ya ƙare a ɗaure a gidan wani mai kuɗi a birni, ba zai taɓa haihuwa a daji ba. Kamawa da ajiyewa da sayar da dabba mai kariya duk suna ƙarƙashin doka ɗaya da kashe ta. A gaya wa yara masu kiwo: in ka gani, ka bar shi inda yake, ka janye karenka.

In suna yi maka ɓarna a gona

Gada tana cin ganyen wake da gyaɗa da dankali da rogo, musamman a gonakin bakin daji. Kafin ka ɗora mata laifi, duba sawu da kashi. Sawunta ƙarami ne mai tsini, ɗaya ko biyu, kuma takan tsinki kan ganye nan da can ta wuce. In ka ga sawu birjik an kwantar da shuka, dabbobin gida ne. In an tone gyaɗa, kurege ne ko gafiya. In an karya masara an yar da rabi, jan biri ne. A yawancin gonakin da na duba, abin da gada ta ci bai kai a auna shi da kwano ba.

Maganin da ya fi daɗewa shi ne shinge mai rai: aguwa, ko cin-da-zugu, ko dashi, a dasa su da kauri a toshe ƙasan da ƙaya. Yana tare gada, yana tare akuya, yana rage zaizayar ƙasa. Guba kuwa kada ma a fara. Maganin ƙwari da ake zubawa a ruwa ko a cusa cikin abinci yana kashe zabi da karnuka da angulu da awakin maƙwabci, naman kuma in ya shiga kasuwa mutane ne za su ci.

Tunda an zo maganar ci: dabbar da aka tarar ta mutu don kanta, ko tana tangaɗi, ko jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta. Alamar ciwon saifa ke nan, wanda ya ɓulla a Najeriya a watan Yuli na 2023 a wata gona kusa da Suleja, kuma yana kama mutum. A sanar da malamin dabbobi. Cututtuka suna tafiya ta ɓangare biyu: annobar awaki da tumaki tana kama barewa, kamar yadda ciwon bushiya na shanu ya kashe ɓauna da mugun dawa a farkon shekarun 1980 kafin a kawar da shi daga duniya a 2011. Wanda ya yi wa awakinsa rigakafi ya taimaki na daji bai sani ba.

Yadda wasu suka dawo da nasu

A Amurka wajen shekarar 1900 barewarsu mai farin bindi ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan saboda farautar kasuwa. Suka hana sayar da naman daji, suka sa lokacin buɗewa da rufewa, suka ƙayyade wa kowane maharbi adadi, jihohi da yawa suka ce namiji kaɗai za a harba. A 1937 suka ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsashi, kuɗin ya tafi gyaran daji. Yau ana maganar miliyan 30, har ta kai a wasu wurare hukuma ke roƙon a harbi mata don sun yi yawa. Sai dai tasu tana yawan haifar tagwaye, tamu ba ta yi, don haka namu haƙurin sai ya fi nasu tsawo.

Ba sai an je nesa ba ma. A Nijar raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da aka hana taɓa su aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin amfanin, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi. Waɗannan dabbobi cikin gonakin gero da wake suke yawo, ba cikin shinge ba. A Burkina Faso kuma gandun Nazinga, wanda aka fara a 1979, ya bi tsarin gina madatsun ruwa da ƙirga dabbobi da ba ƙauyukan kewaye rabonsu. Sannan sassaben zamani da manoman Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980, wato barin kututturen itace ya tofo a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke, shi ne irin abin da ke mayar wa gada da zabi mafaka ba tare da an karɓe gonar kowa ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi da hannunta

Mu faɗi gaskiya, malamin daji ɗaya ko biyu ba za su tsare dajin da ya ratsa ƙananan hukumomi da yawa ba. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda gari ya ɗora wa kansa. Muna da masu riƙe ta tun asali: Sarkin Baka da Sarkin Dawa, da masu unguwa da dagatai, har zuwa Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana. Ƙungiyar manoma ta nemi zama da shugaban maharba da arɗon Fulanin da ke kusa, domin makiyayi ya fi kowa sanin inda dabba ke kwana, kuma wutar da ɗan farauta ya sa abincin shanunsa take cinyewa tare da karan manomi da harawarsa. A amince a kan watannin rufewa, da hana waya da wuta da fitila, a ware wani yanki, ko fadama ɗaya ce da kurminta, a ce nan hurumi ne ba a shiga da kare. A rubuta, a kai wa hakimi da malamin daji su sa hannu. Tarar da gari ya yanka, ko ta kuɗi ko ta hana mutum fita farautar gayya ta shekara, ta fi tsoratar da saurayi fiye da dokar da ke Abuja.

Sai a sayi littafi ɗan naira kaɗan, a ba wani mai rubutu cikin maharba, ko da ajami ne. Duk dabbar da aka kama a rubuta rana, da wuri, da irinta, namiji ko mace, babba ko ƙarami, in mace ce a duba ko da ciki ko nono na zuba. Cikin shekara biyu littafin nan zai nuna muku watannin da gadar yankinku ta fi ɗaukar ciki, ku gyara lokacin rufewa da shi maimakon ku dogara da nawa.

Ƙirga na raye kuma ba ya buƙatar na'ura. A zaɓi hanyoyi biyu ko uku da tsaro ya yarda a bi, kowacce tafiyar awa ɗaya. Mutum biyu su bi ta da sassafe kafin shanu su tattake sawu, sau ɗaya a wata daga Nuwamba zuwa Mayu, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, kowace shekara. Su rubuta sabon sawu nawa suka ƙetare, tarin kashi nawa, dabba nawa suka gani da ido, da ƙanana nawa ke bin iyaye. Wannan ba zai ba ku jimillar abin da ke daji ba, amma zai nuna ko ana hawa ko ana sauka. In sawun gada ya ragu shekara biyu a jere, a rufe farautarta baɗi. In ya ƙaru, a yanka adadin maza da za a ɗauka, a raba tsakanin unguwanni, wanda ya kawo nama ya kawo kan tare da ƙahonsa a gani. Kwafin littafin a riƙa kai wa malamin daji ƙarshen kowane rani, domin ranar da ƙungiya za ta nemi tallafin dashen itace ko gyaran tafki, takardar farko da za a tambaye ta ke nan.